Ciwon Hanta Nau'in E da Kiwon Zomo a Masarautar Gumel: Matsalar Cuta da Matsalar Suna

Tsakure

Kiwon zomo ƙaramar sana'a ce ta cikin gida wadda yara da mata suka fi riƙewa a ƙasar Hausa. Tun daga shekarar 2009 masana suka tabbatar da cewa zomon gida yana iya ɗauke da ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in E, daga baya kuma aka samu irin wannan ƙwaya a jikin mutane. Wannan maƙala ta ɗora abin da binciken kimiyya ya tabbatar a kan yanayin kiwo da ruwan sha da cin nama a ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar na jihar Jigawa. Maƙalar ta nuna cewa kalmomi uku da duk mai wayar da kai zai buƙata, wato zomo da shawara da ciwon hanta, kowaccensu tana ɗauke da abubuwa fiye da ɗaya, kuma saƙon lafiya ba zai isa yadda ake so ba sai an warware su.

Fitilun kalmomi: zomo, shawara, ciwon hanta, Gumel, Maigatari

1.0 Gabatarwa

Masarautar Gumel tana arewacin jihar Jigawa, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, kuma ta yi iyaka da jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce ta jigawa mai gajeriyar damina, inda gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo suka fi karɓuwa. Idan ana zancen dabbobi a wannan yanki, hankali yakan tafi ne ga kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis, inda ake hada-hadar shanu da raƙuma da tumaki da awaki daga Nijar da ma gaba da ita. Zomo ba ya cikin wannan lissafi. Shi a bayan ɗaki yake, ko a wani lungu na tsakar gida, yaro na yanko masa yaɗiya da harawa, uwa na zuba masa dusa. A kasuwa ma layin 'yan kaji da tattabaru ne wurinsa. Wannan ƙanƙanta tasa ce ta sa ba a cika sanya shi cikin zancen cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum ba, alhali kuwa ya fi sa da raƙumi kusanci da tukunya da randa.

Maƙalar ba rahoton gwajin jini ba ce. Manufarta ita ce ta gabatar wa manazarta Hausa abin da aka tabbatar game da cutar, sannan ta duba yadda harshe da al'ada za su taimaka ko su kawo cikas wajen isar da shi.

2.0 Ciwon Hanta Nau'in E

Ƙwayoyin bairos biyar ne aka fi sani da haddasa kumburin hanta, an kuma laƙaba musu haruffan A da B da C da D da E. Nau'in B da C da D ta jini da sauran ruwan jiki suke yaɗuwa. Nau'in A da E kuwa ta baki suke shiga, wato ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata.

Tarihin gano nau'in E yana da ban mamaki. A shekarar 1978 annobar shawara ta ɓarke a yankin Kashmir na Indiya, likita Mohammad Sultan Khuroo ya bibiye ta, ya nuna cewa ba nau'in A ba ce, ba kuma B ba. A shekarar 1981 wani masani ɗan Tarayyar Sobiyet, Mikhail Balayan, ya sha tataccen ruwan bayan gidan sojojin ƙasarsa da suka kamu a Afganistan, ya kwanta rashin lafiya, aka ga ƙwayar a nasa bayan gidan ta madubin ƙara girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 20 ne ke kamuwa a kowace shekara, kimanin miliyan 3.3 daga cikinsu ke nuna alamu, kuma cutar ta kashe kimanin mutum 44,000 a shekarar 2015.

Bayan ƙwayar ta shiga jiki takan yi mako 2 zuwa 10 kafin alamu su bayyana. Daga nan sai zazzaɓi da kasala da rashin son abinci da tashin zuciya, fitsari ya yi duhu, ido ya koma rawaya. Galibin masu ciwon sukan warke da kansu cikin 'yan makonni. Inda abin yake muni shi ne ga mace mai juna biyu, musamman a watanni ukun ƙarshe, domin a lokacin annoba akan rasa har mace 20 zuwa 25 cikin kowace 100 da suka kamu a wannan mataki.

Nau'in E kansa rassa gare shi. Reshe na 1 da na 2 mutum kaɗai suke kamawa, su ne kuma masu haddasa annoba ta ruwan sha a Afirka da Asiya. Reshe na 3 da na 4 suna zaune a jikin dabbobi, musamman alade, inda aka fara ganin ƙwayar a Amurka a shekarar 1997. Reshe na 7 a jikin raƙumi mai tozo ɗaya aka same shi, a Dubai, a shekarar 2014. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, domin yawan mutuwar masu juna biyu da aka ambata reshen ruwan sha aka san shi da ita, ba reshen dabbobi ba.

Annobar ruwan sha ba labarin nesa ba ne ga mutanen Gumel. A watan Afrilun 2017 hukumomin Nijar suka ayyana ɓarkewar cutar a jihar Diffa, maƙwabciyar Damagaram ta gabas, a tsakanin mutanen da rikicin tafkin Cadi ya raba da gidajensu, kuma kusan duk waɗanda suka rasu a farkonta mata ne masu ciki. A wannan shekarar dai ta bayyana a jihar Borno, inda Ngala ta fi ko'ina yawan masu kamuwa.

3.0 Yadda Zomo ya Shigo Zancen

A shekarar 2009 masu bincike a ƙasar Sin suka gwada jinin zomaye 335 daga gonaki a lardin Gansu. Sun samu alamun garkuwa, wato shaidar cewa dabba ta taɓa kamuwa, a kashi 57 cikin ɗari, sun kuma samu ƙwayar kanta a kashi 7.5 cikin ɗari. A shekarar 2011 aka same ta a gonakin zomaye a jihar Bajiniya ta Amurka. A shekarar 2012 masana a birnin Tulus na Faransa suka same ta a kashi 7 cikin ɗari na zomayen gona da kashi 23 cikin ɗari na waɗanda ke zaune a ramukan daji. An sanya wannan ƙwaya ta zomo a ƙarƙashin reshe na 3, duk da cewa tana da wata 'yar alama a ginin halittarta da ke bambanta ta da ta alade, wadda da ita ake gane ta idan an same ta a wani jiki.

Tambayar da ta rage ita ce ko tana kama mutum. An fara da birai a ɗakin gwaji, suka kamu. Sannan a shekarar 2017 aka wallafa sakamakon bin diddigin majinyata 919 da suka kamu da nau'in E a Faransa a shekarun 2015 da 2016, aka tarar biyar daga cikinsu ƙwayar zomo ce a jikinsu. Biyar cikin 919 kaɗan ne, kuma ya kamata a faɗe shi a matsayin kaɗan. Sai dai abubuwa biyu sun ja hankali. Yawancin mutanen biyar masu raunin garkuwar jiki ne. Kuma babu wanda a cikinsu ya ce yana mu'amala da zomo kai tsaye, abin da ke nuni ga abinci ko ruwa. An sake samun irin haka a Suwizalan a tsakanin masu raunin garkuwa.

A Afirka ta Yamma, wani bincike da aka wallafa a shekarar 2019 daga Burkina Faso ya samu alamun garkuwa a jinin zomayen gida da na daji. A Nijeriya kuwa an tabbatar da reshe na 3 a jikin aladu a jihar Filato tun shekarar 2014.

A nan ne yanayin Gumel ya sha bamban da na Turai ko na tsakiyar Nijeriya. A can alade ne babban rumbun cutar, zomo ɗan rakiya ne kawai. A masarautar da kusan dukkan mazaunanta Musulmi ne, alade ba ya cikin gida, ba ya cikin tukunya. Wannan yana iya sa mutum ya ɗauka cewa reshen dabbobi bai shafe shi ba. Amma dabbobi biyu da aka tabbatar ƙwayarsu ta kama mutum, wato zomo da raƙumi, halal ne a wurin jama'ar yankin, kuma dukkansu suna nan. Game da raƙumi, a shekarar 2016 aka ba da rahoton wani mutum a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da aka yi wa dashen hanta, mai yawan cin naman raƙumi da shan nononsa, wanda reshe na 7 ya kama. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar raƙuma ta Maigatari zai fahimci dalilin kawo wannan misali.

4.0 Cututtukan Hanta Uku a Jikin Zomo

Mai kiwo yakan gane cuta ne da ido, ko dai dabba ta mutu ko kuma a ga tabo a kayan cikinta bayan an feɗe. Wannan ma'auni yana yaudara a nan.

Akwai wata cutar bairos da ke lalata hantar zomo ta kuma sa shi zubar jini, tana kashe garke cikin 'yan kwanaki, wani lokaci a ga jini a hancin mushen. An fara ganin ta a Sin a shekarar 1984, sabon nau'inta ya bayyana a Faransa a shekarar 2010, kuma a shekarar 2020 ta yi ɓarna a gonakin zomaye a jihohin Kwara da Oyo. Asara ce babba ga mai kiwo, amma ba ta kama mutum. Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai suna Eimeria stiedae da ke shiga hanyoyin matsarmama, ta bar fararen ɗigo-ɗigo a jikin hanta, ta fi kuma addabar ƙananan zomaye a wurin da kashi ya taru. Ita ma ba ta kama mutum.

Nau'in E kuwa, wanda shi ne ke iya tsallakowa, galibi ba ya nuna komai. Zomo yana ci yana kiriniya, hantarsa ja-wur babu tabo, alhali ƙwayar na hayayyafa a cikinta, tana bin ruwan matsarmama zuwa hanji, tana fita cikin kashi na tsawon makonni. Ke nan cutar da ke firgita mai kiwo ba ita ce abin tsoro ga iyalinsa ba, wadda kuma za ta iya taɓa iyalin ba zai gan ta ba. Idan jami'in wayar da kai ya ce wa jama'a “zomo yana da ciwon hanta”, abin da mai sauraro zai yi shi ne ya duba hantar, idan ya ga lafiya lau ya kwantar da hankalinsa.

5.0 Hanyoyin Tsallakowa a Gida da Gona

Hanya ta farko kashi ne. A gidaje da dama zomo a ƙasa yake, yana haƙa rami, kashinsa na cakuɗa da turɓayar da yaro ke rarrafe a kai. Mai share wurin galibi yaro ne, da hannu da tsintsiya, kuma ba lallai ne ya nemi sabulu kafin ya sa hannu a kwano ba. Kashin da aka tara yakan tafi juji ko lambu a matsayin taki, kuma kayan lambu irin su latas da kabeji da tumatir ɗanyu ake cin su. Da damina ruwa yakan kwashi juji ya kai kududdufi ko bakin rijiyar da ba ta da murfi. Ɗaga keji sama da ƙasa, da tara kashi nesa da rijiya a bar shi ya ruɓe kafin a kai gona, suna rage wannan haɗari, suna kuma rage cutar fararen ɗigon nan, don haka mai kiwo yana da ribarsa ta kansa a ciki.

Hanya ta biyu fiɗa ce. Hanta da matsarmama da hanji su ne inda ƙwayar ta fi yawa, su ne kuma abin da mai fiɗa ke cirewa da hannu, a kan faranti ko tire ɗin da za a zuba dafaffen nama a kansa.

Hanya ta uku dahuwa ce, kuma a nan al'adar Bahaushe tana gefen lafiya. Farfesu da miya da soye duk sukan daɗe a wuta. Binciken da aka yi a Faransa a shekarar 2012 kan abincin da aka haɗa da hantar alade ya nuna cewa sai zafi ya kai digiri 71 a ma'aunin salshiyos har cikin naman na tsawon minti 20 kafin ƙwayar ta mutu gaba ɗaya. Tukunyar da ta tafasa ta wuce wannan. Inda ake samun giɓi shi ne gashin gaggawa, irin wanda yara ko mafarauta ke yi, a soka hanta a tsinke a kara a wuta, waje ya ƙone ciki na jini. Haka nan ɗabi'ar ba wa wanda ake ganin jininsa ya yi ƙasa hantar da ba ta gama dahuwa ba, da tunanin wai dahuwa na rage mata amfani. Wanda ake ba wa irin wannan hanta shi ne marar lafiyar da ya fi kowa rashin ƙarfin ɗaukar sabuwar cuta.

Su wane ne ƙwayar zomo ta fi zama wa barazana? A Turai amsar ita ce waɗanda aka yi wa dashen gaɓa da masu shan maganin daji, domin a jikinsu cutar takan zauna ta ci hanta a hankali. A arewacin Nijeriya akwai wani rukuni da ya fi waɗannan yawa nesa ba kusa ba. Binciken ƙasa da aka gudanar a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, da yawansu ba su sani ba. Hantar da nau'in B ya riga ya raunana tana iya gazawa farat ɗaya idan nau'in E ya hau kanta. A ganin wannan maƙala, wannan ne ainihin abin da ya sa batun ya cancanci kulawa a Gumel da kewayenta.

6.0 Matsalar Suna

6.1 Zomo

Dabbar da karin magana ke nufi a “kowa ya ci zomo ya ci gudu”, ko a “zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa”, dabbar daji ce mai dogayen ƙafafu da kunnuwa, wadda ba ta haƙa rami, kuma 'ya'yanta da gashi da buɗaɗɗen ido ake haihuwar su. Masana suna sanya ta a jinsin Lepus. Wanda ake kiwo a gida kuwa Oryctolagus cuniculus ne, asalinsa daga yankin Sifaniya da Fotugal, yana haƙa rami, 'ya'yansa tsirara da rufaffen ido suke zuwa. Baƙo ne da ya gaji sunan ɗan gida. Bambancin ba na ƙawa ba ne, domin galibin shaidar da aka kawo a sama a kan na gida take, kuma wani bincike a Jamus ya nuna cutar ta yi yawa a jinsin na gida ta kuma yi ƙaranci ƙwarai a jinsin Lepus, yayin da na Burkina Faso ya samu alamunta a duka biyun. Mai tattara bayanai da zai tambayi magidanci a Gagarawa ko yana cin zomo, bai kuma bambance ba, zai haɗa mafarauci da mai kiwo a layi ɗaya. “Zomon gida” da “zomon daji” suna nan a bakin mutane, abin da ya rage shi ne a lizimce su a rubuce.

6.2 Shawara

Shawara a asali sunan alama ce, wato rawayar ido da fata. Jaririn da aka haifa yana iya yin ta, mai sikila yana yi, mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana yi, mai kowane irin ciwon hanta yana yi. A kafafen yaɗa labarai kuma an ba wa wata cuta takamaimiya wannan suna, wato zazzaɓin nan da sauro ke yaɗawa wanda ake yi wa yara allurarsa a wata tara. Sakamakon haka, uwar da aka ce mata an yi wa ɗanta rigakafin shawara tana da hujjar ɗauka cewa an kare shi daga duk abin da ke sa ido rawaya. Magungunan gargajiya ma alamar suke bi, kamar jiƙon saiwar rawaya da ya shahara a ƙasar Hausa. Da yake nau'in E yakan tafi da kansa ga yawancin mutane, duk abin da aka sha a lokacin zai samu yabo. Mai juna biyu da mai tsohon ciwon hanta ne ba su da wannan sarari na jira.

6.3 Ciwon Hanta

Wannan suna a kunnen jama'a ya kusa zama na nau'in B shi kaɗai, da tsoronsa da ƙyamarsa, saboda shi ake gwadawa kafin aure da kafin ba da jini. Haruffan A zuwa E ba sa gaya wa wanda bai yi boko ba komai game da hanyar kamuwa. Idan aka sanar cewa zomo na yaɗa ciwon hanta, abin da za a ji shi ne zomo na yaɗa nau'in B, wanda ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai iya rushe sana'ar yara da zawarawa a kasuwa ɗaya. Zai fi dacewa a raba sunan gida biyu bisa hanya: “ciwon hanta na jini” ga B da C da D, da “ciwon hanta na ci da sha” ga A da E. Cutar da ke kashe garke kuma a kira ta “annobar zomaye”, kada kalmar hanta ta fito a sunanta ko kaɗan.

Da waɗannan sunaye ana iya tsara saƙon gwargwadon nauyinsa. Na masu juna biyu ya tsaya a kan ruwan sha, a tafasa ko a sa masa sinadarin kulorin, kuma rawayar ido ga mai ciki ta zama dalilin zuwa babban asibitin Gumel ko mafi kusa a ranar. Akwai allurar rigakafi mai suna Hecolin da aka amince da ita a Sin a shekarar 2011, aka kuma yi amfani da ita a sansanin Bentiu na Sudan ta Kudu a shekarar 2022, sai dai ba ta cikin jerin alluran yau da kullum a Nijeriya. Na masu kiwo kuma ya tsaya a kan keji da sabulu da dahuwar hanta. Ɗaliban sashen Hausa na Kwalejin Ilimi ta Gumel da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa suna iya gwada waɗannan sunaye a bakin masu kiwo da ungozoma da masu magani a ƙauyukan ƙananan hukumomin huɗu, su tattaro kuma sunayen da jama'a da kansu ke kiran ire-iren shawara da su, kafin a buga ko da takardar wayar da kai guda.